Ni da Lakar Agege

Ku da kuke ganin wankin takalmi aikin wanda ya rasa abin yi ne, wai buroshi da tsumma da gwangwanin mai shi ke nan, ku gyara zama. Ni Haladu na ci abinci da sana'ar nan a Agege tun gemuna bai gama fitowa ba, kuma ba buroshi ne ya ciyar da ni ba. Laka ce. Lakar layi ɗaya tak, wanda ya gangaro daga cikin unguwa ya faɗo babban titi kusa da layin dogo. Ita ta yi mini aure, ita ta sa wa ɗakin tsohuwata kwano a ƙauye. Shekarar da aka rufe ta da kwalta kuwa, saura ƙiris in koma gida da akwati a ka.

Sai kun fara sanin garin tukuna. Agege wurin kwana ne. A nan mutane suke barci, a nan suke haihuwa, a nan ake yi musu sutura, amma abincinsu yana Ikeja, yana Apapa, yana Oshodi, yana can cikin tsibiri inda benaye suke. Tun kafin kiran assalatu za ka ji ƙofofi suna buɗewa, ana jan guga, ana yi wa yara tsawa. Da an sallame sallar asuba sai garin ya kwararo bakin titi gaba ɗaya. Ƙananan bas-bas na danfo na cika, manyan na moluwe na tangaɗi da mutane a tsaye, jirgin Iddo ya zo ya kwashi nasa har da masu zama a kan rufi. Kafin hantsi an share unguwa tas. Ba wanda ya rage sai tsofaffi da masu jego da awaki, sai mahautan da suka dawo daga Oko-Oba suna barcin gajiya. Da yamma liƙis garin ya dawo, gosulon motoci ya dafa shi, kowa fuska a murtuke, ba mai son doguwar gaisuwa.

Ni ban san haka ba. Ci-rani na zo daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure, zamanin soja, wani ɗan garinmu ya haɗa mini akwatin wankin takalmi. Sai in yi barcina irin na manomin da ya gama girbi, in sha koko, rana ta take in shiga layi-layi ina buga wa akwati buroshi, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Awaki ne kawai suke ɗaga kai. Aikin farko da na samu silifas ɗin wanka ne na wata tsohuwa Bayarbiya, ta sa na ɗinke shi, ta yi mini ciniki da Yarbanci, ta ci ni da yaƙi. Har na fara gaya wa mutane a masauki cewa mutanen Ikko ba su sa takalmi.

A bakin layin nan akwai wata bishiya, ƙarƙashinta benci da buhuna. Kullum na wuce sai in ga wani dattijo ya miƙe a kan buhunan yana sharar barci da rana tsaka, akwatin wankin takalmi a gefensa. Ina raina shi a zuci, ina cewa ga malalaci ya zo birni. Ran nan ya buɗe ido ɗaya.

"Yaro, mi kake nema cikin ranar ga?"

"Takalma, Baba."

"Takalman garin ga sun tafi buro tun asuba. Kai awaki kake wa kiɗi. Ka taho gobe kafin kiran salla, ka gani da idonka."

Shi ne Baba Isufu, mutumin Damagaram, wanda ya zama maigidana. Buro kuwa ofis yake nufi, haka suke faɗa a can.

Washegari na zo da duhu-duhu. An kwana ana ruwa, layin ya dame ya zama kunu, ja-wur. Ba shi da kwata, don haka ko da rani ruwan wanka da na wanke-wanken gidaje ba ya barinsa ya bushe, balle Ikko da ruwan sama ba ya duba wata. Sai ga ma'aikata suna fitowa, riga a goge, laktaye a wuya, wando a naɗe har gwiwa, ƙafa cikin silifas, suna taka duwatsu ɗai-ɗai kamar masu ƙetare rafi. Duk wanda ya iso bishiya sai ya zauna a benci, Baba ya tura masa buta da tsumma, ya wanke ƙafa, ya zaro safa daga aljihu. Kafin ya gama Baba ya ajiye masa takalminsa a gaba yana ƙyalli. Ya sa, ya bar silifas, ya ruga ya kama danfo. Da yamma a juya, ya tuɓe takalmi ya bari, ya sa silifas ya faɗa laka. Takalman mutanen layin nan ba su san ɗakin masu su ba. A wurinmu suke kwana, ƙarshen wata a sallame mu.

Kun ce da sauƙi. To ku ɗauki takalmin da ya wuni a Ikko, ya sha ruwan Oshodi, an tattaka shi a moluwe, gumi ya jiƙa shi ta ciki. Ba a sa masa mai yana jiƙe, sai ya yi fari-fari ya ƙi ƙyalli. Za ka cire igiya, ka cusa masa tsohuwar jarida ta tsotse damshin, ka jingina shi inda iska ke bi. In ya sha iska ka kakkaɓe da buroshi mai tauri, ka bi gefen tafin da tsohon buroshin haƙori, don nan datti yake ɓuya. Sa'an nan mai, ɗan kaɗan, da yatsa cikin tsumma, ana zagayawa. Buroshin baƙi daban, na ja daban, ka haɗa su ka ɓata wa mutum takalmi har abada. Ƙyallin ƙarshe da ɗigon ruwa ake fito da shi. Ga basilla da zare mai kaki, ga gam, ga 'yan ƙusoshi, don duk abin da ya ɓalle sai ka gyara kafin gari ya waye. Kuma sai ka gane na wane ne cikin duhun asuba, mai shi yana tsaye a kanka, kwandasta yana ihu, alhali kusan duk baƙaƙe ne, masu igiya. Ɗakina kuwa kada ku tambaya. Na yi shekaru ina kwana cikin warin ƙafar ma'aikatan Ikko, har in na je gida sai in ji iskar ƙauye ta yi mini lami.

Aikin da ba na mantawa shi ne takalmin Mista Lamidi. Akawu ne a wani kamfanin dakon kaya a Apapa, Bayarbe amma haifaffen Zariya, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Takalmi ɗaya gare shi, yana ji da shi kamar ɗan fari. Wata rana ya dawo da shi sharkaf, Baba ya ce in cusa jarida. Ni kuwa sarkin wayo, na ga jarida ɓata lokaci ce, na jingina shi gefen murhun mai shayi na tafi salla. Na dawo na tarar ya ƙanƙance ya ɗaga baki sama kamar busasshen kifi. Da safe Mista Lamidi ya ɗauka, ya juya shi, ya shinshina.

"Baba, wannan yaron naka wankin takalmi ya zo koyo, ko tsire?"

Baba yana da wani tsohon takalmi da yake ajiyewa don irin wannan rana, da shi Mista Lamidi ya je Apapa yana ja, don ya yi masa yawa. Abin da Baba ya faɗa mini ranar ba na maimaita shi a gaban yara. Sunan Mai Tsire kuwa ya bi ni har yau.

Akwai kuma Sista Rifkatu, nas ce a wani asibiti a Yaba, mutuniyar Filato. Nata takalmin fari ne fat, a cikin tsohuwar rigar matashi nake ajiye shi shi kaɗai, don ko inuwar baƙin mai ta taɓa shi sai ta gani. Bakinta ya fi allurarta zafi, amma ita take kawo mana magani in zazzaɓi ya kayar da mu.

Da idon Baba Isufu ya fara rauni sai ya ce zai koma gida. Ya bar mini benci da bishiya da mutane. Ranar da na raka shi tasha ya ce, "Haladu, bencin ga ba komi ba ne. Layin ga shi ne gonar." Na ce to, Baba, na ɗauka zancen tsufa ne.

Ba a daɗe ba soja suka ce za su koma bariki, aka buga gangar siyasa. Wani ɗan takarar kansila ya zo bakin layinmu da makaɗa, ya duba ya ga babu busasshen wuri sai bencina, ya hau. Ni na riƙe masa bencin da hannu biyu kada ya goce. Ya nuna laka, ya ce in an zaɓe shi sai ya zuba wa layin nan kwalta daga sama har ƙasa, da kwata hagu da dama. Jama'a suka ɗauki sowa. Duk a cikinsu ba wanda ya fi ni buɗe maƙogwaro, har aka ba ni hula mai hotonsa, na kwana da ita a ka.

Da safe Sista Rifkatu tana wanke ƙafa ta dube ni, ta dubi hular.

"Haladu, jiya na gan ka kana tsalle. Kai ma kwalta kake so?"

"Sosai, Sista. Ai ci gaba ne."

"To, madalla. In an sa kwalta, wa zai wanke ƙafa a nan? Ni daga ɗaki zan sa takalmina, in zo in wuce ka, in ce sannu da aiki."

Buroshi ya tsaya a hannuna. Mista Lamidi da ke gefe ya yi dariya har ya ƙware. Na cire hular a hankali na tura ta ƙarƙashin buhu. Sai ranar na gane gonar da Baba yake nufi, ni kuma na riƙe wa mai ƙwace ta benci.

Abin da ya kwantar mini da hankali ɗaya ne, na ce ai ɗan siyasa ne. Ya ci zaɓe, aka rantsar, shekara ta wuce shiru. Duk layin ana zaginsa, ni ma ina tayawa da baki, amma a zuci ina sa masa albarka. A masallacin layi in liman ya roƙi Allah ya ba shugabanni ikon cika alkawari, jama'a su amsa da ƙarfi, ni kuwa leɓe kawai nake motsawa. Ina jin duk faɗin ƙasar nan ni kaɗai ne talakan da yake fargabar kada ɗan siyasa ya faɗi gaskiya.

Sai ga tifofi wata safiya, suka zubar da jar ƙasa tsibi-tsibi a tsakiyar layi. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Amma daga nan ɗan kwangila ya ɓace, damina ta sauka a kan ƙasar, aka samu lakar da ko tsofaffin unguwa ba su taɓa gani ba. Okada, wato acaɓa, ta ƙi shiga. Har 'yan kasuwa masu sa takalmi sau ɗaya a mako suka kawo mini nasu. Na sayi benci na biyu, na sayi rediyo, na kama ɗaki mai taga, na aika aka kawo mini matata Hanne daga gida. Ina tafiya da tsinken sakace a baki kamar wani alhajin goro. In Mista Lamidi ya iso da laka har ƙwauri sai in girgiza kai in ce, "Wannan zalunci har ina?" Shi kuma ya ce, "Mai Tsire, rufe bakinka, haƙoranka a waje suke."

Da ruwa ya ɗauke a shekara ta biyu bayan rantsarwa, 'yan kwangila suka dawo da gaske. Katafila, gireda, da motar nan mai daddaɓe ƙasa. Suka haƙa kwata suka zuba siminti, suka shimfiɗa kwalta baƙa wuluk har gindin bishiyata. Na bi ta da ƙafa daga sama har ƙasa ina neman aibu, har na tsuguna na soka mata basilla in ji ko ta banza ce. Basillar ce ta lanƙwashe. Duk ayyukan da ake ha'inci a ƙasar nan, sai a kan nawa layin aka samu mai tsoron Allah.

Ba rana ɗaya masu kawo mini takalma suka watse ba, da ma haka aka yi da ya fi sauƙi. Yau wannan ya ce bari ya tafi da takalminsa gida, yana da biki. Gobe wancan ya ce matarsa ta ce a daina ɓarna. Ba mai haɗa ido da ni. Sista Rifkatu ce kaɗai ta faɗa mini kai tsaye, ta karɓi nata da rigar matashin, ta ce in yi haƙuri. Daga nan kullum da asuba ina zaune da buta cike da ruwa, suna wucewa ƙwas-ƙwas a kan kwalta cikin takalman da na san kowane ɗinki nasu, suna ɗaga mini hannu. Wallahi abin ya yi mini ciwo, kuma ba wanda zan kai wa ƙara, don ba wanda ya cuce ni.

Na koma yawo da akwati. Na je Ogba bakin masana'antu lokacin cin abinci, na tarar da samari sun fi ni ƙafa sun fi ni baki. Na gwada dakon nama a Oko-Oba, aka ɗora mini cinyar sa, ni da ita muka faɗi cikin kwata, mahauta suka ɗauki cinyar suka bar ni. Rediyo ta tafi, benci na biyu ya bi ta. Hanne ta ce, "Malam, ka kira ni Ikko ne in zo in taya ka kallon titi?" Muka yanke cewa in an yi babbar salla za mu haɗa kaya mu koma noma, ni da rabona da fartanya har na manta nauyinta.

Ina can ina jin tausayin kaina, ban lura da abin da yake faruwa a layin ba. Masu gidaje sun yi fenti. Ɗakunan gaba sun zama shaguna, ga mai sayar da katin waya ya kafa lema. Motoci sun fara kwana a ƙofar gidajen da ko amalanke ba ta zuwa da. Masu wucewa da asuba ma sun canza, sababbin fuskoki ne, ba su san ni ba balle su ɗaga hannu. Sai da na zauna na yi tunani na ga rabona da Sista Rifkatu an daɗe, Mista Lamidi ma haka.

Wata Asabar da hantsi, salla ta matso, ina gyangyaɗi a benci sai na ji an ce, "Mai Tsire, ka mutu ne?" Mista Lamidi ne, ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne. Na ce, "Oga, ina ka shiga?"

"Ina zan shiga? Lanlod ya ce yanzu gidansa a bakin kwalta yake, ya ninka haya, kuma na shekara biyu yake so a dunƙule. Rabin mutanen layin nan haka aka yi mana. Mun koma can gaba da Alagbado, inda Ikko ta ƙare Ogun ta fara. Sista ma tana can." Ya kama hannuna. "Tashi mu je ka ga wani abu."

Muka hau danfo, muka sauka, muka hau wata. Gidaje suka fara tazara, ga bulo ba filasta, ga gonakin rogo a tsakani. Inda mota ta tsaya ya nuna mini wata hanya da ta nausa cikin sabuwar unguwa. Na sa ƙafa, ta nutse har idon sawu. Na ja, ƙafa ta fito, silifas ya zauna. Laka ce ja, mai danƙo, ta fi ta Agege kyau nesa ba kusa ba, kuma ta miƙe iya ganina. Ga wata bishiyar mangwaro a bakin hanyar, ba kowa a ƙarƙashinta.

Na yi iya ƙoƙarina in ɗaure fuska irin ta mai zuwa ta'aziyya. Na ce, "Kai, Oga, wannan wuri bai dace da mutum irinka ba." Amma bakina ya ƙi rufuwa.

"Yi dariyarka," in ji shi. "Mu duka muka yi tafi, kai kaɗai ka ci zaɓen. A leda muke ɗaukar takalma yanzu, mu sa a cikin mota, ana zaginmu. Na gaya musu zan kawo ka."

Na yi dariyar kuwa, har da riƙe ciki, ƙafa ɗaya ba silifas. Na tambaye shi yaushe yake fita aiki daga nan, don in san lokacin kafa benci. Ya ce tun kafin kiran farko, sallar asuba a hanya yake yin ta, in ya dawo kuma yara sun yi barci, sai Lahadi suke ganinsa. Ya tsaya yana kallon hanyar, hannu a aljihu.

"Abu ɗaya zan roƙe ka, Mai Tsire. Kai ne za ka zauna a bakin hanya. Ranar da ka hango katafila ta nufo nan, ka gaya mini da wuri, in fara neman ɗaki a gaba."

Na daina dariya. Na tsuguna na tono silifas ɗina, na ce masa to. Ran Litinin da duhu na kafa benci a gindin mangwaron, shi ne ya fara zama.